Motar da Za Ta Kai Baba Bungudu

Shekarar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, magana ma ta ɗauke masa. Hankalinsa yana nan garau, yana jin duk abin da aka faɗa, amma in ya buɗe baki ba abin da ke fitowa sai wani gurnani da shi kansa yake jin kunyarsa. Muka dawo da shi gidana a unguwar Damba, nan Gusau, shi da Inna. A kowane gida akwai wanda ake bar wa jinya don an ce yana da haƙuri, to a namu gidan ni ne. Ba wani haƙuri gare ni ba, ban dai iya cewa a'a ba ne.

A Bungudu kuma akwai Gwaggo, yayar Baba, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Idonta ya daɗe da rufewa, ciwon ƙugu ya hana ta nisa da tabarmarta. Duk wanda ya zo daga can saƙo ɗaya yake kawowa, wai a kai mata ƙanenta ta taɓa shi tun da sauran numfashi. Na je da kaina na ce ta bari mu ɗauko ta a mota, tafiyar ba ta da nisa. Ta juya fuska wajen bango.

"Ni yaz zo yat tarar duniya," ta ce. "Shi ka zuwa inda nike. In ba ya zuwa, ku bari mu gamu can."

Na san inda take nufi da can, kuma ganin yadda ta rame na san ba da wasa take ba.

Shi kuma Baba ya daina shiga mota. Lokacin da yake ƙin zuwa gashin ƙashi, mun taɓa ce masa gaisuwar rasuwa za mu kai shi, sai ga shi a ƙofar asibiti. Tun daga ranar, ko an tallabo shi har bakin mota, sai ya kafa hannun hagunsa mai lafiya a jikin ƙofa ya turje. Tsoho ne mai ɓari ɗaya, amma ƙarti biyu ba su iya lanƙwasa shi ba tare da sun ji masa ciwo ba. Na yi rantsuwa, na kawo limamin unguwa ya yi masa nasiha, duk a banza. Ran nan ina zaune gabansa na sake ambatar Bungudu, sai ya ɗaga hannu ya juya shi a iska kamar mai riƙe da sitiyari, sannan ya nuna gabas. Inna ce ta fassara.

"Motarshi yaka nuhi. Ta Tsahe."

Na dafe kai na ce shi ke nan, tsugune ba ta ƙare ba.

Motar nan ta girme ni. 'Yar ƙarama ce, ja, mai kujera biyu da rufin tamfol, doguwar gaba, gajeriyar baya, tana kusa da ƙasa har kana iya taɓa titi da hannu daga zaune. Sitiyarinta a dama yake, don ta shigo ƙasar nan tun ana tuƙi ta hagu. Ta wani Bature ce da Baba ya yi aiki a ƙarƙashinsa zamanin cinikin auduga, da zai koma ƙasarsu ya sayar masa. Mutum mai iyali, ya tashi ya sayi motar da ba ta ɗaukar ko buhun gero. Mun tashi muna kallonta, ba mu shiga ba sai jefi-jefi, kuma har ya tsufa bai taɓa ba wani makullinta ba. Da zaman Tsafe, inda gidanmu yake, ya yi wuya saboda rashin tsaro, muka matsa masa ya baro gidan, sai ya kulle ta a rumfar kwano ya rufe da tamfol, da niyyar komawa ya ɗauko ta in hanya ta yi sauƙi. Hanya ba ta yi sauƙi ba, ciwo ya riga ta.

Na samu mai motar ɗaukar kaya muka tafi Tsafe da hantsi, lokacin da hanyar ke da mutane, don ba wanda yake son la'asar ta same shi a kanta. Gidanmu ya zama na ƙadangaru. Da muka yaye tamfol na ga tayoyi sun zauna, rufin ya ruɓe, ɓeraye sun ci kujerar hagu sun bar soso a waje. Duk da haka har yanzu tana da kyau, irin kyan tsohuwar da ta san ta yi tashe. Makwabta suka taya mu turawa muka ɗora ta, wani dattijo yana tambayata lafiyar Baba, yana shafa mata gefe kamar doki.

Bakaniken da na kai wa a Sabon Gari mutum ne da na daɗe ina hulɗa da shi, mai hannu a kan motocin zamani. Ya zagaye ta, ya buɗe bonet, ya yi dariya.

"Malam, wagga ai ba ta da wuya. Babu kwamfuta, babu komi. Mai, iska, wuta, in ta samu su dole ta tashi. Ka ba ni kwana kaɗan."

Na yarda da shi, don ina son in yarda.

Aka sa sabon batir, aka juye tsohon baƙin mai aka zuba sabo. Bakanike ya zauna ya murza makulli. Injin ya juya, ƙarar ta fito da ƙarfinta, gir-gir-gir, jikin motar yana rawa, amma ba ta kama ba. Ya sake, haka. Ya ce wannan albishir ne, tunda injin yana juyawa bai cije ba, saura kaɗan. Wannan saura kaɗan ɗin ita ta cinye mini damina guda.

Da fetur aka fara. Wanda ke cikin tankin ya zama wani jan ruwa mai warin fenti, sai da aka sauke tankin aka wanke, aka fitar da tsatsa cike da kwano. Famfon mai ya bushe, aka yi masa dabara. Aka kwance kafireto aka wanke shi daki-daki, aka hura kowace ƙofa. Bakanike ya zare tiyo ya nuna mini mai yana tsartuwa in an murza. Ya rufe, ya murza, gir-gir-gir. A tukunyar iska aka tarar da sheƙar ɓera da ɓawon gyaɗa, muka yi murna kamar mun kama ɓarawo, aka share, aka murza. A salansa aka tarar zanzaro ya yi gini, aka fasa, aka murza. Kowane lokaci ƙarar ɗaya ce, har na soma jin ta a kunnena ina tsakiyar koyarwa a aji.

Sai ya cire fulogi ɗaya, ya jingina shi da ƙarfen inji, ya ce in murza. Ya sunkuya yana kallo, ya kare rana da hularsa.

"Babu wuta," ya ce. "Ko ƙyas."

To, an gano inda ciwon yake, saura dalili. Aka canza fulogai. Aka canza kwail. Aka buɗe dilko, wato abin da ke raba wuta ga fulogai, aka ga kwantak ɗinsa ya cinye, kuma irinsa ba ya samuwa a Gusau. Sai da aka yi cigiya har Kano, aka jira, aka kawo wanda bai yi daidai ba, aka mayar, aka sake jira. Cikin jiran ne bakanike ya gyara birki, ya sa tayoyi, ya ɗinke kujera, don kada a ce yana zaune. Motar ta zama tana da komai na tafiya in ban da tafiyar. Da kwantak ɗin kirki ya iso aka ɗaura, ya jawo waya kai tsaye daga batir zuwa kwail don ya tsallake makulli da duk tsoffin wayoyin. Na murza ina karanta duk addu'ar da na sani. Babu wuta.

Daga makaranta nake wucewa garejin, in zauna a kan benci har rana ta yi sanyi, in koma gida da warin fetur a riga. Abin da na fi tsana shi ne shiga ɗakin Baba. Da ya ji sallamata sai ya ɗago ya zuba mini ido, in girgiza kai, in ce tana juyawa amma ba ta tashi. Sai ya yi gurnani, ya sauke hannun hagunsa kusa da gwiwa, ya riƙa matsa babban yatsa a kan manuni. Inna ta ce carbi yake so, zai roƙa mana sauƙi. Ta ɗauko ta saƙala masa a yatsu, ya yi jifa da shi. Muka yi salati, muka ce ciwo ne, ciwo yana canza mutum. Washegari ya sake, ta sake ba shi, ya sake jefarwa. Har kuka na ga Inna tana yi a kicin, wai mutumin da bai taɓa rabuwa da carbi ba yau shi ke wurgi da shi. Daga baya ya daina jifan, in an ba shi sai ya riƙe ya rufe ido.

Daga Bungudu kuma saƙo ya canza. An daina cewa a kai mata shi, an koma cewa ta rage cin abinci, ta daina tashi zaune.

Ran nan bakanike ya ce bari ya bi wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya kwanta rigingine, kansa a wajen totur, ƙafafunsa a waje, yana haskawa da fitilar waya. Can sai na ga ya janyo jiki ya fito da sauri yana kakkaɓe hannu.

"Malam, zo ka gani."

Na leƙa. A can ƙarƙashi, tsakanin sitiyari da giya, inda ido ba ya kaiwa daga zaune, akwai laya. Ɗinkin dukawa ne na da, jar fata da ta koma baƙa, an ɗaure ta da igiyar fata da ta shige bayan allon motar.

"Ni dai ba ni taɓa ta," ya ce. "Ina da ɗiya ƙanana. Mutanen da ba a san abin da sunka aje ba. Ƙila ma ita ta riƙe motar."

Na yi masa dariya, amma ni ma ban taɓa ba. Na gaya wa kaina ladabi ne, kayan uba ne kuma yana raye. Akwai ladabin, akwai kuma abin da ya hana bakaniken.

Da na ba Yayana labari, wanda tun da aka fara wahalar nan bai taka garejin ba, sai ga shi ya zo da wa'azinsa. Ya ce wannan shirka ce tsagwaronta, a sa reza a yanke a ƙona, ko Allah ya dubi tsohon ya sassauta masa. Raina ya ɓaci. Na ce masa wanda bai zo wankin tanki ba ba zai zo yankan laya ba, in yana so ya je ya gaya wa Baba da bakinsa. Muka rabu ba daɗi. Da na bar shi ya yanke, da a ranar an gama, kuma har yau ban gaya masa haka ba don na san ba zan huta ba.

Bakanike ya ɗan ƙara taɓa nan ya taɓa can, yana kewaye wurin layar kamar mai kewaye rijiya, sannan wata rana ya wanke hannu ya zauna kusa da ni a kan benci. Ya ce shi iyakarsa ke nan, bai taɓa ganin motar da komai nata sabo ne kuma ta hana wuta ba, kuma wurin da ta tare yana buƙatarsa. Ban yi musu ba. Na gaji, gajiyar da ko haushi ba ka iya ji. Na ce a jawo ta Damba a ajiye a ƙofar gida, aƙalla tsohon ya gan ta da idonsa, ya san ba ƙarya nake masa ba wannan karon.

Da safe aka jawo ta da igiya. Ni da makwabcina muka tallabo Baba muka fito da shi. Da ya gan ta sai ya miƙa hannu. Wannan ce mota ta farko da bai turje a bakinta ba. Muka nufi kujerar hagu da shi, ya yi gurnani ya nuna ta direba. Makwabcina ya dube ni, na ce a bar shi, motar da ba ta tashi ina za ta kai shi. Da ƙyar muka zura shi, muka ɗaga matacciyar ƙafar muka shigar. Ya zauna yana haki. Bai ko dubi sitiyari ba. Ya sauke hannun hagu kusa da gwiwarsa, ya tura shi ƙarƙashi, ya kama layar tsakanin babban yatsa da manuni, ya matsa. Na ji wani ɗan ƙas.

Sannan ya dube ni, ya nuna makulli da haɓa.

Na zura hannu ta gabansa na murza. Ta yi gir-gir, ta yi tari, ta sake tari, sai ta kama da wata irin ƙara mai kauri da ta sa awakin makwabta suka watse. Hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gidan. Na tsaya riƙe da makullin.

Na laluba layar da hannuna. A cikin fatar akwai ɗan makunni, igiyar kuma waya ce aka naɗe da fata. In an kashe shi, yana zubar da wutar a jikin ƙarfen motar kafin ta kai fulogi, ko sabon me ka ɗaura. Maganin ɓarayi ne ya yi wa motarsa tun lokacin da ya saye ta, ya kai wa baduku ya ɗinke, don ya san mutanensa: ɓarawon da zai fasa ƙofa ya yanke waya ba zai sa hannu a layar wani ba. Inna tana tsaye a zaure da mayafi a baki.

"Kullum sai ya taɓa ta kahin mu tashi," ta ce a hankali. "Ni na aza addu'ar tahiya ce."

Baba bai yi murmushi ba. Kallona kawai yake, kallon mutumin da ya yi wata da watanni yana faɗin abu ɗaya ana miƙa masa carbi. Na ji kunya, na kuma ji tausayinsa fiye da duk lokacin da nake ɗaga shi ina kwantarwa.

Ban yarda na kashe ta ba. Muka mayar da shi kujerar hagu tana ruri, wannan karon bai ƙi ba. Inna ta kawo masa hula da babbar riga ta yafa masa a kafaɗa, na shiga na ja. Ban taɓa tuƙa mota mai sitiyari a dama ba, giyarta a hannun hagu, kuma duk motar da ke gabana ba na ganin abin da ke bayanta. A hankali na bi hanyar Sakkwato, masu babur suna wuce mu suna waiwaye, rana tana dukanmu don babu rufi. Gero ya yi kai a gonakin gefen hanya. Duk ramin da na faɗa sai Baba ya yi gurnani, duk giyar da na sa ba daidai ba sai ya miƙo hannun hagu ya bugi gwiwata. Haka muka isa Bungudu, yana koya mini tuƙi da duka.

A ƙofar gidan Gwaggo na tsaya, na ga fitar da shi daga wannan kujera mai zurfi ya fi ƙarfina ni kaɗai, shi ma ya galabaita. Ina shirin shiga neman masu taimako sai na ga an ɗaga labulen zaure. Gwaggo ce, jikokinta mata biyu suna riƙe da ita, ƙafafunta da ƙyar suke taɓa ƙasa. Matar da aka ce ta daina tashi zaune.

"Tun daga kan kwana nij ji ta," ta ce. "Ku kai ni."

Na fita na bar mata kujerar direba. Muka zaunar da ita, ba ta fi nauyin yaro ba. Ta miƙa hannu tana lalube har ta samu kafaɗarsa, ta hau zuwa wuya, ta shafa gemu, ta tsaya a gefen bakin da ya karkace. Ta daɗe a nan. Sannan ta gangaro ta kama hannunsa na dama, wanda ke kusa da ita, ta ji shi da nauyi ba ya amsawa. Baba ya juyo da ƙyar, ya kawo na hagun ya ɗora a kan nata.

"Auta," ta ce. "Haka kak koma?"

Ya buɗe baki, gurnanin ya fito, ya rufe. Hawaye yana bin gefen fuskarsa. Ita kuwa ta shiga magana, tana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, da gonar mahaifinsu da aka bari ba a noma ba bana, tana tambaya tana ba kanta amsa. Injin yana ta ruri a tsaye, allurar zafi tana hawa, man da ke ciki kuma ɗan na gwaji ne da bakanike ya zuba. Na sunkuya ta gefenta na kai hannu ga makulli.

"Gwaggo, bari in kashe ta ku ji juna da kyau."

Ta doke hannuna.

"Bar ta. Shi ba ya magana, ni ba ni gani. In ta yi shiru, da mi zan san yana nan?"

Na janye hannuna na koma gindin bango na tsuguna a inuwa. Na san man ba zai kai mu gida ba, ban kuma san inda zan samo wani a unguwar ba. Na bar ta tana ci har ya ƙare.